Mangwaron Gidan Malam Habibullahi

Akwai wani malami a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ana ce masa Malam Habibullahi. Yana da makarantar Islamiyya da gonar shinkafa a bakin kanal. Na zauna a gidansa kwanaki, amma shekarar ta shige mini.

'Yarsa Nafisat ta samu gurbin karatu a jami'ar da ake yi daga gida, ga shi sabis ɗin waya a garin sai an hau tudu. Malam ya sayo kayan intanet na tauraron ɗan'adam daga Kano, ya ɗauko wani mai haɗawa, Mudassiru.

Sharaɗi ɗaya Malam ya kafa masa. "Ban yarda da intanet ɗin da ke yawo a iska babu waya ba. Ka kashe shi. Intanet kamar ruwan ban-ruwa ne, in ba a yi masa hanya ba, gonar kowa zai shiga. Ka ja waya ɗaya ɗakin Nafisat, ɗaya ofishin makaranta."

Mudassiru ya ja wayoyin, ya kafe su a bango tsaf. Sai aka zo kan farantin da ke kamo saƙo daga sama. Duk inda ya ɗora shi, mangwaron tsakar gida ya tare sararin. Mahaifin Malam ne ya dasa shi, a inuwarsa kuma ya karantar har ya rasu.

"Malam, hanya biyu ce," in ji Mudassiru. "Ko a sare bishiyar, ko a roƙi maƙwabcinka. Ƙarfen tankin ruwansa ya fi ta tsawo, kuma waya za ta kai."

Maƙwabcin shi ne Sammani, manomin tumatir. Shekara biyu ke nan, ko uku, ba sa haɗa komai sai sallama, tun da Malam ya zarge shi a gaban manoma da karkatar da ruwa ranar da ba tasa ba.

"A sare," in ji Malam, bai ɗaga kai ba.

Nafisat ta ce, "Baba, in don ni ne, zan riƙa zuwa Kura a adaidaita."

Ranar Asabar mai sara ya zo da gatari da igiya. Ya ɗaure reshen farko ke nan, sai ga sallamar Sammani a zaure.

"Malam, reshen nan da ya leƙo gidana, shekara ashirin ina shan 'ya'yansa. Da izinin wa za a sare mini?"

Malam ya yi bayani a gajarce, yana kallon ƙasa.

"To tankin nawa cizo yake yi? Ku hau ku ɗaura. Kuma kada ku bar wayar a rana, ina da tsohon tiyo, a zura ta ciki."

Malam ya ce, "Sammani, na ci mutuncinka a gaban jama'a ba tare da shaida ba. Ka yafe mini."

Sammani ya sosa ƙeya. "Ai ni ne na karkatar da ruwan, Malam. Tumatirina ke ƙonewa. Kunya ce ta hana ni zuwa."

Malam ya dube shi, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. "Ashe mu biyu muke ɗauke da kayan."

Kafin la'asar farantin na saman tanki, wayar ta bi cikin tiyo ta tsallaka katanga. Nafisat ta soka ta a kwamfutarta, shafin jami'ar ya buɗe. Mai sara ya kwance igiyarsa, aka ba shi abinci ya tafi, ko reshe ɗaya bai sare ba.

Darasi: Girman kai yakan sa mutum ya sare abin da ya gada don kada ya taka zauren maƙwabcinsa, alhali wataƙila maƙwabcin ma jiran sallamarsa yake. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.