Farantin Da Tanimu Ya Raina

Akwai wani ɗalibi ɗan Funtuwa mai suna Tanimu da ke karatun halittun ruwa a Alƙahira. Ɗaki ɗaya suke haya a unguwar Madinat Nasr da Lawali, ɗan Damagaram, kuma malama ɗaya ke duba bincikensu, Dakta Sulafa.

Aikinsu gadin teku ne. Jiragen ruwa kan kwaso baƙin halittu a gindinsu daga wata duniya, in suka samu wurin zama sai su hayayyafa su kori na gida, masunta su shiga uku. Don haka ake rataye farantan roba cikin ruwa a tashar ƙananan jirage da ke can bakin teku, kowanne da lambar mai shi. Duk mako biyu a ciro a ɗauki hoto gaba da baya a mayar, bayan wata uku a kawo su Alƙahira a duba abin da ya manne.

A farkon shekara Dakta ta ce mutum ɗaya za ta riƙe ya ci gaba da digiri na uku a wurinta. Tun daga ranar Tanimu ya daina jin daɗin shayin Lawali.

Shi Lawali ba ruwansa. Larabcinsa ya zauna, ga Faransanci, ga fara'a. Hatta direbobin mikrobas, ƙananan motocin haya, sun san sunansa. In Dakta ta ce masa "Tamam, ya yi daidai, ya Lawali," sai Tanimu ya ji kamar an zuba masa barkono a ido. Har Ja'afar mai gadin tashar, in ya ga Tanimu sai ya ce, "Ina abokinka?" Wannan tambaya kaɗai takan ɓata masa yini guda.

Ranar da aka kawo farantan cikin kular sanyi, Tanimu ya leƙa na Lawali. Ga wasu ƙumbuna koraye manya sun yi cincirindo, gwanin kyau. Ya dubi nasa, sai wani dafi-dafi ruwan ƙasa kamar ƙanzon tuwo. Ko juya shi bai yi ba. Zuciyarsa ta ce, shi ke nan, wannan ma Lawali ya cinye.

Aka kira azahar. Lawali ya ce, "Yalla, Malam Tanimu, mu je."

"Yi gaba, ina zuwa."

Yana fita Tanimu ya ɗauki almakashi ya yanke igiyoyin lambobin biyu, ya sa sabuwar igiya ya ɗaura tasa a farantin Lawali, ta Lawali a nasa. Sannan ya bi sahun salla, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda ya cuta. Ɗan Adam ke nan.

Washegari ya kai wa Dakta koren faranti yana ta washe baki. Ta kalla sau ɗaya ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri. Wannan an daɗe da saninta a nan, tana cikin littafi."

Shi kuwa Lawali kwana huɗu ya yi a kan ƙanzon nan, ido a madubin ƙara girma. A rana ta biyar Dakta ta kira su ofis. A bayan farantin, Lawali ya gano wata 'yar halitta mai shimfiɗuwa kamar tabarma, wadda ba a taɓa rubuta ta a wannan gaɓar ba. Irinta ce ake kafa farantan dominta.

Tanimu ya ƙura wa farantin ido. Nasa ne fa! Da hannunsa ya miƙa.

Sai Lawali ya ce, "Duktura, akwai magana. Farantin nan ba nawa ba ne."

Ya buɗe hotunan wata uku na farantan biyu a wayarsa. Abin da ya manne a faranti ba ya tashi daga inda ya kama, girma kawai yake yi. Tabon da ke kusurwar hagu yana nan a hotunan Tanimu tun mako na huɗu. A nasa hotunan kuwa ƙumbuna koraye ne. "Ina jin lamba ce ta rikice a hanya. Rabon ɗan'uwana ne, a rubuta sunansa."

Wallahi da zaginsa ya yi, da ya fi wa Tanimu sauƙi.

Dakta ta ɗaga lambar ta duba. Igiyar roba ce mai kulle kanta, ba ta kwancewa sai an yanka. Ta dubi Tanimu ta ce, "Lamba ba ta rikicewa da kanta. Kuma da na yarda da ita, da na aika a wanke jiragen layin da aka rataye farantin Lawali, waɗanda ke ɗauke da abin su yi tafiyarsu. Wa ya yanka?"

Da ƙyar Tanimu ya ce, "Ni ne."

"Da ka juya farantinka ka duba, da gurbin digirin naka ne," in ji ta. "Amma ba zan ba da gadin teku ga wanda ban yarda da lambarsa ba. Khalas, magana ta ƙare."

A mikrobas ɗin komawa gida Lawali ya matsa masa wuri kusa da taga. Tanimu ya kifa kai a gwiwa, ya yi kukan da bai yi ba tun barinsa Funtuwa.

Darasi: Mai hassada idonsa na kan farantin wani, shi ya sa ba ya ganin abin da Allah ya zuba a nasa. Kafin ka ƙyashi ɗan'uwanka, juya naka ka duba da kyau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan karatu, wataƙila wani yana riƙe da almakashi yanzu haka ya ajiye.