Makiyayan da Ba Su da Garke

Mijina Malam Tukur ba ya duniya, kuma babu mai ba mu hikaya bayan la'asar. Ga wadda ya fi so.

A zamanin da, Sarkin Turkawa ya ji Sabiyawa, waɗanda a da suke ƙarƙashinsa, suna tara makamai. Sai ya aiki wani hafsan soja mai suna Nazmi ya dubo masa. Nazmi ya zaga barikokinsu, ya dawo ya rubuta littafi, ya sa masa suna Rundunar Sabiyawa.

Waziri na ganin sunan ya ɗaure fuska. "Runduna? Mutanen da jiya suke durƙusa mana? Kankare, ka sa makiyaya."

"Ranka ya daɗe, in Sarki ya ji makiyaya, ba zai ƙara soja a iyaka ba. Mutanenmu can 'yan kaɗan ne, har da ƙanena."

"Kai, yaro, fada ba barikinku ba ce. Kankare!"

Nazmi ya cije leɓe, ya kankare kalmar nan kaɗai, ya sa makiyaya. Ran da aka taru gaban Sarki ya shiga karatu: "Makiyayan suna da igwa mai rushe ganuwa. Makiyayan suna da makarantar hafsoshi. Da an busa begila, sai makiyayan su jeru sahu-sahu."

Sarki ya ɗaga hannu. "Tsaya. Me suke kiwo?"

"Allah ya ba ka nasara, na nemi garken har takalmina ya ƙare, ban gani ba. Waziri ne ya gano shi daga nan."

Sarki ya ce a kawo sanda. "Waziri, ungo. Je ka kore mana su daga iyaka. Korar makiyayi ai ba ta bukatar soja."

Waziri ya faɗi ya ce, "Tuba nake, runduna ce."

Aka mai da kalmar, aka tura dakaru iyaka, ƙanen Nazmi ya tsira. Waziri kuwa aka tuɓe shi, aka bar masa sandar.

Abin da ke ba ni haushi, mai ba mu labarin nan shi ne ya yi ta kiran tarinsa "'yar mura", ya ƙi asibiti har ta kai shi kushewa. Ku taya ni roƙo, Allah ya gafarta wa Malam, ya sa mu riƙa kiran abu da sunansa. Amin.