Dila da Kilishin Yaƙi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wata shekara rikici ya ɓarke a garin birai, can ƙetaren rafi. Dattawan garin namun dawa suka taru a gindin tsamiya, Kunkuru na shugabanta, ana muhawara: a tura karnuka, sojojin garinsu, su raba faɗan, ko a bari?

Dila kuwa shi aka ba ajiyar kilishin guzurin soja, buhu bakwai. Ya lura muddin ana muhawara, ba mai tambayar buhu.

Da safe sai ya miƙe a majalisa: "A tura su! Me muke ciyar da su su yi?" A yi ta tafi. Ya je ya cinye buhu guda.

Kashegari ya miƙe: "Kada a tura su! 'Ya'yan mutane ne fa!" A yi ta tafi. Ya je ya cinye buhu guda.

A tura, kada a tura, har kwana bakwai. Karnukan da za su je su mutu kuwa, ko sau ɗaya ba wanda ya tambaye su. Suna bakin ƙofar gari, rana na dukansu, ciki na kuka.

Ran na takwas Barde, babban karnuka, ya shigo da rundunarsa, ya ture Kunkuru daga kan buzu, ya zauna.

Ya ce, "Kun ce a raba faɗa. To, naku muka zo rabawa. Ina guzurinmu?"

Ido ya koma kan Dila, ga tumbi har ƙasa. Sai ya zube a gaban Barde.

"Ranka ya daɗe, dama ku muke jira! Kilishi ai Kunkuru ya cinye."

Kunkuru ya ce, "Ni? Ni da ba ni da haƙori ko ɗaya?"

Dila ya ce, "Ka ji ko, ranka ya daɗe? Har yanzu muhawara yake yi."

Barde ya daka tsawa: "An hana muhawara daga yau!"

Aka ɗaure Kunkuru. Aka naɗa Dila kakakin sabuwar gwamnati, aka kuma ba shi makullin rumbu, wai shi ne mai gaskiya.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare! Yara, in kun ci abin da ba naku ba, ku riga kowa gaida mai sanda.