Shehu da Tsutsa Mai Kuben Yashi

Daga cikin ni'imomin da Allah Ya yi wa Birnin Gwari a zamanin kakanninmu akwai wani shehi, masani, mai tsantseni da zuhudu, wanda littafi ba ya barin cinyarsa, zikiri ba ya barin bakinsa, Allah Ya haskaka makwancinsa.

Wata shekara zawo ya faɗa wa yaran unguwar majema, har aka binne uku cikin mako guda. Huraira matar Jaji majemi, 'yarta tilo Saude ta kwana biyar ko kunu ba ya zama a cikinta, idanu duk sun faɗa. Hankalin uwar ya tashi matuƙa, ta goya ta, ta je ta durƙusa a ƙofar zauren Shehu tana kuka.

Ta zaci rubutu zai ba ta, sai ya miƙe ya ce, "Huraira, ki kai ni inda kike ɗibar ruwa."

Koramar da ta ratsa garin mashaya biyu gare ta. Matan unguwar, da tsaftarsu ta ganin ido, sun ƙaurace wa ta sama saboda wata 'yar tsutsa da ke manne da duwatsunta, wadda kan harhaɗa yashi da ɓurɓushin kara ta yi wa kanta kube tana yawo da shi. Kai, ƙyamarta suke yi ba kaɗan ba! Suka koma ta ƙasa inda duwatsu suke sumul, ba wadda ta lura cewa ruwan ramukan da mazajensu ke jiƙa fatu yana tsiyayowa ta cikin ciyawa.

Shehu ya juya dutse bakwai a mashayar ƙasa, bai ga tsutsar ko ɗaya ba. Ya hau ta sama ya juya ɗaya, ga su birjik. Ya ce, "Wannan halitta ruɓaɓɓen ganye da gansakuka take ci, ita kuma kifi ya ci ta, kuma ba ta zama a ruwan da ya ɓaci. Inda ta gudu, ku ma ku gudu."

Ramin da ya fi kusa da koramar kuwa na mijin Huraira ne. Ta ce, "Wayyo, Allah gafarta Malam, ashe da hannunmu muke kashe ta?"

Ya ce, "Ba ku sani ba, Allah kuwa Mai rahama ne."

Ya kamfaci ruwan mashayar sama a ƙoƙo, ya yi addu'a ya tofa, ya ɗiga wa yarinyar a baki, kafin la'asar ta buɗe ido ta ce fura take so. Jaji bai jira an faɗa sau biyu ba, ranar ya cike raminsa, sauran majema suka bi. Shehu kuma ya ɗauki dutse guda mai tsutsa daga mashayar sama da hannunsa mai albarka ya aje a mashayar ƙasa. Ranar bakwai Huraira ta zo mashayar ƙasan, Saude na biye da ita da ƙafarta, ta juya duk dutsen da hannunta ya kai, ba wanda ba tsutsa. Ta fashe da kukan murna, kuma ba a ƙara binne yaro a unguwar ba a shekarar.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da bawansa sirrin ƙaramar halitta. Allah Ka yarda da Shehu, Ka shayar da mu da zuriyarmu daga albarkarsa, amin.