Gafakar da Ba Ta Tsufa Ba

Malam Kailani na Tudun Wada mutum ne mai ilmi, wannan ba wanda zai yi musu. Aibinsa guda ne, amma babba: ya fi son a ƙirga littattafansa da a karanta su. In ka gaishe shi a hanya, kafin ka kai ga tambayar iyali ya riga ya sanar da kai ya wallafa talatin da uku. Ba ya ba da aro, ba ya yarda a kwafa, wai kada a sace masa. In kuwa ya ɗauki magana daga bakin wani ya sa a littafi, sunan mai maganar ba zai taɓa hawa takarda ba.

Ni ne Gwadabe baduku. Ni ke ɗinka wa malaman unguwarmu gafaka, jakar fatar da ake adana littafi a ciki. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani.

A shekarar 1956 Allah ya yi wa Modibbo Attahiru rasuwa, malamin da ya karantar da rabin malaman Tudun Wada. Ya bar zauren karatu da ɗaki cike da littattafan hannu, ya kuma bar wasiyya cewa a damƙa su ga ɗalibin da ilminsa ya fi yin tafiya. Awon kuwa ya bar shi a hannun 'yarsa, Malama Ummulkhairi, wadda ta fi kowa sanin abin da ke ɗakin.

Mutum biyu aka sa wa ido, Malam Kailani da Malam Salmanu. Shi Salmanu littafi biyu rak ya rubuta, ɗaya kan taurarin damina da lokacin shuka, ɗaya kan hukuncin iyakar gonaki. Ya zo rumfata ya ce, "Gwadabe, ba zauren ne damuwata ba. In ɗakin nan ya faɗa hannun Kailani, kwaɗo zai danna masa, ba mai sake ganin littafin Modibbo sai gara. To amma biyu da talatin da uku, ina aka haɗu?" Wallahi tausayinsa ya kama ni, don ni ma ban ga mafita ba.

Malama ta ce a ba ta kwana arba'in. Ta rubuta wasiƙu, aka aika ta jirgin ƙasa da mota zuwa ga tsofaffin ɗaliban mahaifinta a Kano, Katsina, Bidda da Yola.

Ranar da aka sa, da hantsi, zaure ya cika har waje. Malam Kailani ya iso da jakai biyu ɗauke da littattafai, yana tafe yana gyara rawani. Salmanu kuwa nasa biyun a hammata ya maƙalo su. Malama na zaune bayan asabari, ƙanenta Malam Lawal na riƙe da amsoshin wasiƙu.

Ta ce, "Tambaya uku ce. Ta farko, me kowa ya rubuta?" Aka ƙirga. Talatin da uku, da biyu. Zaure ya ɗauki guna-guni.

"Ta biyu, wa ya ambace ku a rubutunsa?"

Malam Kailani ya yi caraf ya ce, "An ambace ni sau ɗari biyu da ashirin, Malama. Da kaina na ƙirga."

"Madalla. Buɗe mana guda mu ji."

Ya buɗe, ya karanta da ƙarfi: "Kamar yadda Malam Kailani ya faɗa a littafinsa na bakwai."

"Wa ya rubuta wannan littafin da kake karantawa?"

"Ni."

"Sauran ɗari biyu da sha taran fa?"

Malam Kailani ya shiga jujjuya shafuka. Can wani dattijo ya kasa daurewa ya tuntsire da dariya, sai zaure ya ɗauka gaba ɗaya. Kai, jama'a! Ashe duk shekarun nan mutumin nan kansa yake ta yi wa kirari.

Malam Lawal ya shiga karanta wasiƙu. Ɗalibin Modibbo na Kano ya ce kwafi tara na littafin taurari ke yawo a unguwarsu. Wani alƙali a Bidda ya ce sau uku yana raba rigimar gona da hujjar Salmanu, kuma ya rubuta sunan Salmanu a hukuncin. Na Katsina ya ce ya taɓa gano kuskure a lissafin tauraro guda, ya aiko da gyara, Salmanu ya gyara, ya kuma rubuta sunan shi mai gyaran a gefen shafi. Game da Malam Kailani kuwa, duk amsa iri ɗaya ce: mun ji labarin littattafansa, ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba.

"Ta uku," in ji Malama, "da wa kuka yi aiki?"

Malam Kailani ya ɗaure fuska. "Ni ban taɓa buƙatar kowa ba. Ba ni ne zan sa sunan manomi a littafin ilmi ba, kamar wasu."

Sai wani tsoho ya miƙe daga bakin ƙofa. Ya ce, "Ni ne manomin, Isiyaku daga Dutsen Abba. Damina shida Malam Salmanu yana zuwa gonata, ni ina nuna masa ƙasa, shi yana nuna mini lissafi. Ban iya karatu ba, amma sunana na shafin farko, jikana ya karanta mini." Ya koma ya zauna.

Ina tsammanin an gama, sai na ji sunana. "Gwadabe, gafaka nawa ka ɗinka wa Malam Kailani?"

Na ce, "Talatin da uku, Malama."

"Nawa suka dawo gyara?"

Na dubi jakunkunan nan a ƙasa, fatarsu ja wur tana ƙyalli kamar jiya na ɗinka. Na ce, "Ko ɗaya. Na littafin Malam Salmanu kuwa, na ɗinka wa masu kwafi sun fi sittin, kuma kullum ana dawo mini da su igiya ta tsinke, baki ya cinye."

Malama ta turo mabuɗi ta ƙarƙashin asabari. Ta ce, "Baba cewa ya yi wanda ilminsa ya fi tafiya. Naka, Malam Kailani, yau ne ya fara fita daga gida, kuma jaki ne ya ɗauko shi. Malam Salmanu, karɓi."

Zaure ya kaure da kabbara. Salmanu ya tashi hawaye na zuba, ya buɗe ɗakin Modibbo, ya cire kwaɗon gaba ɗaya ya miƙo mini, ya ce in yi abin da na ga dama da shi. Ni dai ran nan murna ta hana ni komawa aiki.

Wata uku Malam Kailani bai gaisa da kowa ba. Daga baya aka fara ganinsa a zauren da littafi ɗaya, yana barin ɗalibai su kwafa. Da shekara ta zagayo ya shigo rumfata, ya ajiye gafaka a gabana, duk ta yi baƙi da maiƙon hannu. Ya ce, "Gwadabe, igiyar ta tsinke." Ban taɓa ganinsa yana murmushi irin na ranar ba. Da farin ciki na gyara masa ita.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba a auna mai bincike da tsayin tarin abin da ya rubuta kawai. A duba wa ya karanta, wa ya kafa hujja da shi ba tare da an roƙe shi ba, da kuma su wa ya yi aiki da su ya ambaci sunayensu. Wanda ya kulle ilminsa don girman kai, shi kaɗai zai ƙare yana yabon kansa. Wanda ya sake shi ya shiga hannun mutane, su ne za su tsaya masa shaida ranar da aka zo awo.