Shuni a Kan Furen Kaɗanya

An yi wani sarki a ƙasar Gwandabe, ana ce da shi Zubairu, wanda arzikin ƙasarsa ya dogara ga man kaɗanya. Kusa da gandunsa na kaɗanya akwai wani kurmi inda wasu talakawa suka rataye amyoyinsu, da zumar suke ci da iyalansu. Sarkin Gandu Barau ya ba da shawara a ƙone kurmin a faɗaɗa gandu, ya kawo dogarai suka rantse cewa sun wuni suna tsaro lokacin fure, ba su ga ƙudan zuma ya sauka a kan itacen sarki ba.

Waziri Hamidu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rantsuwarsu gaskiya ce, amma abin da ta tabbatar shi ne ba su gani ba. Idan ƙudan nan ne ke sa kaɗanya 'ya'ya, ranar da aka ƙone kurmi an ƙone gandu."

Ran sarki ya ɓaci. Ya ce, "Kawo hujja gobe, Waziri. In ka kasa, da hannunka za ka cinna wutar, sannan ka ajiye rawaninka."

Waziri ya tafi wurin masu amya, suka barbaɗa garin shuni a bakin kowace amya, domin duk ƙudan da ya fita ya kwashe shi a jikinsa. Washegari dogaran suka sake tsaro, da la'asar suka maimaita maganarsu gaban sarki. Waziri ya sa aka tsinko furanni, ya goga su a farin ƙyalle ɗaya bayan ɗaya, ƙyallen kuwa fari fat. Barau ya yi murmushi, aka kawo bakin wuta aka miƙa wa Waziri, masu amya suka sunkuyar da kai.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan daga rassan ƙasa suke. Ina roƙon a saro reshe daga can ƙololuwa, inda ido ba ya kaiwa."

Sarki ya yarda. Da aka sauko da reshen, sarki ya goga furen da kansa a hannun rigarsa, sai ga shuɗi ya fito.

Ya sa aka kashe wutar, ya bar wa masu amya kurminsu har jikokinsu, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa. Ya ce wa alƙalansa, "Daga yau, shaidan da ya ce bai gani ba, ku tambaye shi inda ya tsaya da iyakar inda idonsa ya kai, domin mai hukunci da rashin gani yana iya zaluntar wanda ke ciyar da shi."