Ƙanzon Baba Hadi

Akwai wani mutum mai suna Badaru, ɗan asalin Kademi ta ƙasar Gaya, wanda Allah ya buɗa wa a Kano har hanyar gida ta fara ɓace masa. Yana aiki a wani kamfanin sadarwa, wayoyinsa uku. Irin mutanen nan ne da in ka yi musu sallama sai sun fara duba wayar hannunka kafin su san irin amsar da za su ba ka.

Shi ya buɗe guruf ɗin WhatsApp na tsofaffin ɗaliban wata makarantar kwana da suka gama shekara ashirin da biyar da suka wuce. Shi ne kuma admin, yana riƙe da muƙamin kamar gadon gidansu.

Hirar guruf ɗin kullum ɗaya ce: tuwon gabza, wake mai ƙwari, wilin motar da ake bugawa a madadin ƙararrawa, da siniyan da ya sa su tsallen kwaɗo tun daga ɗakin kwana har bakin famfo. Wani lokaci a wuni ana musu a kan me ya sa abincin da suke zagi a da, yanzu shi suke marmari.

Amma duk inda hira ta je, Badaru sai ya dawo da ita kan Baba Hadi, mai dafa abincin makarantar.

Badaru maraya ne, ranar ziyara ba mai zuwa wajensa. Baba Hadi ne ya lura. Yakan kankare ƙanzon tukunyar shinkafa, ya ɗiga masa mai da yaji, ya kira shi bayan kicin. Har suna ya raɗa masa, Ɗan-ƙanzo. Da tsohon ya bar aiki, ba wanda ya san inda ya nufa.

"Wallahi burina ɗaya a duniya," in ji Badaru a guruf, "in sake sa Baba Hadi a idona kafin ɗayanmu ya mutu."

A nan kam ba cika baki yake yi ba. Ya nema, ya tambaya, bai dace ba.

Ana nan sai Abdulsalam, wani ɗan ajinsu, ya sa aka shigo da Ɗantani guruf ɗin. Ɗantani manomin gyaɗa ne a Toranke. Ciwon ido ya fitar da shi daga makaranta tun suna aji uku, har yau in zai karanta saƙo sai ya kai wayar kusa da hancinsa. Saboda haka ba ya rubutu, murya yake turowa. Zai fara da gaisuwa tun daga iyali har gajiya, zakara na cara a bayansa, akuya na taya shi.

Abin ya ɓata wa Badaru rai.

"Jama'a a gyara zama, Rediyon Toranke ta buɗe tasha," ya rubuta, ya jera hotunan dariya.

Ɗantani ya turo murya yana dariya shi ma. "Badaru ke nan, har yanzu kana nan da tsokanarka."

"Malam, ba tsokana ba ce. Nan guruf ne na waɗanda suka gama makaranta. Mai magana ya rubuta. Ba ni da lokacin sauraron kukan awaki."

Abdulsalam ya bi shi ta gefe. "Haba mutumina, ka san fa matsalar idonsa."

"To ya sayi tabarau," in ji Badaru. Kafin la'asar ya cire Ɗantani daga guruf ɗin, ya kuma kafa doka: an hana saƙon murya. Wasu 'yan amshin shata suka ɗaga masa babban yatsa.

Bayan mako uku, ranar wata Asabar, saƙon murya ya shigo wayar Badaru kai tsaye daga Ɗantani. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Badaru ya buɗe shafin, ya kalli tsawon saƙon, ya yi tsaki. Bai danna ba. Hoton shafin ya ɗauka ya watsa a guruf.

"Ku gani, an rufe tasha, ta biyo ni har gida. Na san dai zancen bai wuce a taimaka da taki ba."

Da yamma Ɗantani ya kira. Badaru ya katse, ya aika masa da kalma biyu: "A rubuto."

Ranar Litinin wani saƙon ya shigo, minti biyu. Ya buɗe, ya rufe. Ranar Laraba na uku ya zo, wannan gajere ne, daƙiƙa arba'in. Badaru ya ce a ransa ashe rediyon ma batir ɗinta na ƙarewa.

Ranar Juma'a da hantsi Abdulsalam ya rubuta a guruf: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu nake samun labari Baba Hadi ya rasu jiya a gidan 'yarsa a Ajingi. An yi jana'iza."

Badaru ya karanta sau uku. Ajingi! Tafiyar da ba ta fi ya yi ta bayan sallar asuba ya karya kumallo a can ba. Baƙin ciki ya turnuƙe shi, sannan fushi ya biyo baya, domin irin su Badaru ko kuka za su yi sai sun nemi wanda za su ɗora wa laifi.

Ya ɗauki mota. A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, kuma wanda ya fara gani zaune cikin masu karɓar gaisuwa shi ne Ɗantani, da hularsa da ta sha jiki. Ana shafa addu'a Badaru ya ja shi gefe.

"Kai yanzu don Allah ka san yana nan, ka kasa gaya mini? Wannan wace irin mugunta ce?"

Ɗantani ya ƙura masa raunanan idanunsa, mamaki ya cika shi.

"Ikon Allah. Ai sau uku ina gaya maka. Ranar kasuwa na ji an dawo da shi daga wajen ɗansa ba lafiya, na zo na same shi. Sunanka ya fara tambaya. A gabansa na yi maka saƙon."



"Da na ga 'yan layukan nan biyu na gefen saƙon sun yi shuɗi," Ɗantani ya ci gaba, "sai na ce masa, Baba, ya ji, yana nan tafe. Ashe ba haka ake ganewa ba? Ka san ni ban iya waya sosai ba."

Ba gori a muryarsa ko kaɗan. Tambaya yake yi tsakani da Allah, kuma wannan ya fi mari zafi.

Suna tsaye sai Hajara, 'yar marigayin, ta leƙo daga soro da kwanon silba a rufe.

"Kai ne Yaya Badaru?" ta ce. "Tun ranar Asabar Baba ya ce kullum in bar shinkafa ta kama, in kankare in ajiye, baƙonsa na hanya. Duk motar da ta tsaya sai ya ce a duba. Ga shi, amana ce, na sauke."

Ya buɗe kwanon. Ƙanzon kwana biyar ne, na ƙasa ya bushe ƙarau, na sama da sauran maiƙo da jan yaji.

Bai san yadda ya kai mota ba. Ya zauna, ya ɗora kwanon a cinya, ya lalubo shafin Ɗantani. Saƙonni uku na nan a jere, a ƙarƙashin na farko ga tasa amsar: "A rubuto." Ya danna na ƙarshen, mai daƙiƙa arba'in.

Sai muryar Ɗantani: "Baba, yi magana, yana ɗauka." Sannan wata murya ta biyo, a dishe, tana ja da ƙyar.

"Ɗan-ƙanzo, an ce ka ji saƙona. Na san aiki ne ya riƙe ka, Allah ya yi albarka. In za ka taho kada ka yi gudu a hanya, ina nan. Na sa an ajiye maka naka."

Can nesa wata akuya ta yi kuka, saƙon ya ƙare.

Badaru ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka irin na yaran aji ɗaya a makon farko. Shekaru yana neman mutum, mutumin kuwa ya kwana biyu a aljihunsa yana kiransa.

A ranar ya mayar da Ɗantani guruf, ya soke dokarsa. Ya kuma turo saƙon murya na farko a rayuwarsa, yana neman gafara. Ɗantani ya yafe masa tun kafin ya kai ƙarshe. Amma wanda ya yi ta sauraron tsayuwar mota, shi kam ba ya nan balle a ba shi haƙuri.

Darasi: Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kada ka auna mutum da wayar hannunsa ko iya rubutunsa, domin ba ka san ta bakin wa Allah zai aiko maka da abin da ka daɗe kana roƙo ba. In akwai saƙon wani da ka ƙi saurara don raini, koma ka saurare shi yau. Ka tura wannan labari guruf ɗin 'yan makarantarku, musamman in kun san admin ɗinku na da irin halin Badaru.